CIWON KAI DA CIWON WUYA: DARASI A KAN TAUSA DA GYARAN ZAMAN JIKI

GABATARWA

Babu gidan da ba a san ciwon kai ba a ƙasar nan. Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2021 kimanin mutum 40 daga cikin kowane 100 na jama'ar duniya suna fama da wani irin ciwon kai, watau wajen mutum biliyan 3 da miliyan 100. Galibin wannan ciwo ba ya kisa, amma yana cin ranakun aiki, yana hana ɗalibi karatu, yana kuma lashe kuɗin cefane wajen sayen ƙwayoyi.

An shirya wannan ɗan littafi domin a fahimtar da jama'a abu guda. Akwai ciwon kai wanda yake da alaƙa da tsokar wuya da kafaɗa, irin wannan kuwa tausa da motsa jiki da gyaran zama suna rage shi ƙwarai. Akwai wanda tausa ke ɗan sassautawa kawai. Akwai kuma wanda tsayawa yin tausa a kansa ɓata lokaci ne da zai iya kai mutum ga halaka. Wajibi ne kowane magidanci da kowace uwargida su iya rarrabe waɗannan uku. Za mu ɗauki misalanmu daga Bukan Sidi, wata unguwa a garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, amma abin da za a faɗa ya shafi mai karatu ko a ina yake zaune.

CIWON KAI IRI-IRI NE

A shekarar 1988 ƙungiyar likitocin ciwon kai ta duniya ta fitar da tsarin rarraba ciwon kai kashi-kashi, an kuwa yi ta gyara shi har aka fitar da bugu na uku a 2018. Iri uku daga cikin wannan tsari su ne suka shafi darasinmu.

Na farko shi ne ciwon kai na ɗaurewar tsoka, wanda ya fi kowanne yawa. Mai shi yakan ji kamar an naɗa masa rawani an tamke, ko kuwa an aza masa dutse a tsakar ka. Yana kama ɓangarorin kai duka biyu, ba ya bugawa, ba ya sa amai, tafiya ko hawan bene kuma ba sa ƙara shi. Yakan daɗe daga minti 30 har zuwa kwana 7. Sau da yawa in an danna tsokar ƙeya, ko ta kafaɗa, ko ta gefen goshi, sai mutum ya ji zafi. Idan ciwon yana zuwa kwana 15 ko fiye a kowane wata, har aka wuce wata uku a haka, to ya zama mai naci, yana bukatar kulawar likita.

Na biyu shi ne ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira maigiren. Wannan yakan kama gefe ɗaya, yana bugawa kamar ana daka, yana zuwa da tashin zuciya ko amai. Mai shi ba ya son haske, ba ya son ƙara, kome ƙanƙantar motsi yana ƙara masa azaba, shi ya sa yakan nemi ɗaki mai duhu ya kwanta. Yakan daɗe daga awa 4 zuwa awa 72 in ba a sha magani ba. Waɗansu sukan ga walƙiya ko zane-zane masu ƙyalli a idonsu na minti 5 zuwa 60 kafin ciwon ya sauka. Ya fi kama mata, wajen ninki uku na maza, yana kuma bin jini a dangi. Tushensa yana cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta.

Na uku shi ne ciwon kai mai tasowa daga gaɓoɓin wuya. Wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Ottar Sjaastad, shi da abokan aikinsa, su ne suka ware shi suka ba shi suna a 1983. Yakan fara daga ƙeya ya hauro zuwa goshi ko bayan ido, a gefe ɗaya wanda ba ya sakewa, juya wuya kuwa ko daɗewa a zama ɗaya yana tayar da shi. Mai shi yakan kasa waiwaye sosai.

YADDA WUYA KE JAWO CIWON KAI

Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka. Wannan nauyi yana zaune ne a bisa ƙasusuwa 7 na wuya, waɗanda aka jera ɗaya bisa ɗaya, tsokoki kuma suna riƙe da su gaba da baya kamar igiyoyin da ke riƙe da turken rumfa. Muddin kai yana zaune daidai bisa kafaɗa, watau kunne yana saitin kafaɗa, ƙashi ne ke ɗauke da yawancin nauyin, tsoka tana hutawa. Da zarar kai ya zarce gaba, ko an sunkuyar da shi, sai aikin ya koma kan tsokokin ƙeya da na dokin wuya. Ka gwada riƙe tulu a jikin ƙirjinka, sa'an nan ka miƙa hannu ka riƙe shi nesa da kai. Nauyin tulun bai sake ba, amma hannunka zai gaji nan da nan. Haka tsokar wuya take ji in an yini a sunkuye.

To, me ya sa gajiyar wuya ke fita a goshi? Dalili shi ne jijiyoyi uku na can saman wuya suna kai saƙonsu mahaɗa ɗaya da babbar jijiyar da ke ɗauko ji daga fuska da goshi da kewayen ido. Saƙonnin suna cakuɗuwa a wannan mahaɗa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki zafin da ya taso daga ƙeya ta aza shi a goshi ko bayan ido.

Har wa yau, a cikin tsokar da ta daɗe a ɗaure akan sami waɗansu ƙananan ƙulli-ƙulli masu tauri, waɗanda in an danna su zafin kan harba zuwa wani wuri dabam. Wata likita Ba'amurkiya, Janet Travell, wadda ta duba lafiyar Shugaba Kennedy, ta shafe shekaru tana nazarin waɗannan ƙulle-ƙulle, ita da David Simons kuma suka wallafa babban littafi a kansu a 1983. Ƙullin da ke saman kafaɗa, alal misali, yakan aika zafi ta gefen wuya zuwa bayan kunne har gefen goshi.

Ba aikin ƙarfi kaɗai ke ɗaure tsoka ba. Damuwa da tunanin bashi da fushin da aka haɗiye suna sa mutum ya ɗage kafaɗa ya cije haƙora bai sani ba. Rashin isasshen barci, da ƙishirwa, da tsallake abinci, da raunin ido wanda ba a sa wa tabarau ba, duk suna taimakawa.

WUYA DA NEMAN ABINCI A BUKAN SIDI

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga cikin Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, garin Lafiya yake ta bunƙasa, unguwanni irin su Bukan Sidi da ke kan hanyar Jos suka cika da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011 ya ƙaro ɗalibai da malamai. Ga kuma tsohuwar sana'ar yankin, watau noman doya da riɗi da agushi da dakonsu zuwa kasuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da irin harajin da yake karɓa daga wuya.

Dubi mace mai ɗauko ruwa. Jarka mai cin lita 25 nauyinta kilo 25 ne in ta cika, watau ninki biyar na nauyin kan da aka ɗora ta a kai. Ɗan dako mai ɗaukar buhun siminti yana aza wa wuyansa kilo 50, ninki goma ke nan. Mai tallar doya takan yini da faranti a ka, wuyanta a sandare don kada kaya su zube. Waɗannan danniya ce daga sama take damunsu.

Dubi kuma tela a bisa kekensa, da akawu a gaban kwamfuta, da mai kitso, da ɗalibi mai karatu a kan tabarma, da saurayin da ke sunkuye a kan wayar hannu tun safe har dare. Su ba su ɗauki kome ba, amma kansu ya zarce gaba awa da awowi. Ɗan acaba da mai tuƙa Keke Napep sun haɗa biyu: hannu a miƙe, kafaɗa a ɗage, ga girgizar hanya tana dukan wuya. In aka ƙara da zafin rana na watannin Maris da Afrilu, lokacin da gumi ke zuba ruwan jiki ke raguwa, ba abin mamaki ba ne mutum ya komo gida da yamma kansa yana sarawa.

Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu aika yaro kemis ya sayo ƙwaya biyu. Gobe kuma a koma aiki yadda aka saba, a sake sayen ƙwaya. Ciwo ya lafa, amma abin da ya kawo shi yana nan daram.

TAUSA TA GARGAJIYA DA TA ZAMANI

Tausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Iyaye mata suna gasa jikin jariri suna mulke shi da mai. Dattijo in ya gaji yakan kwanta ya sa jikansa ya tattaka masa baya. Akan shafa man kaɗanya ko man zafi a dokin wuya a murza. Maɗora suna gyara targaɗe da karaya, wanzamai kuma suna yin ƙaho a ƙeya saboda ciwon kai. Kakanninmu sun lura tun da daɗewa cewa akwai dangantaka tsakanin ƙeya da ciwon kai.

A ƙasashen Turawa ma an kafa makarantu na gyaran jiki da hannu. A Amurka, Andrew Taylor Still ya fito da nasa tsari a 1874, wanda ake kira ostiyofati, Daniel David Palmer kuma ya fito da kairofiraktik a 1895. Dukansu sun dogara ne ga motsa gaɓoɓin ƙashin baya. Daga baya wata masaniyar kimiyyar sinadaran jiki mai suna Ida Rolf, wadda ta rayu daga 1896 zuwa 1979, ta fito da wani tsari na daidaita ginin jiki, wanda aka fi sani da Rolfing. Ita ta mai da hankali ga farin tantanin nan da ke lulluɓe tsoka, wanda kowa ke gani in mahauci yana gyara nama. Ra'ayinta shi ne wannan tantani yana taƙurewa saboda mugun zama ko tsohon rauni, ya janye jiki daga daidai, in kuwa aka bi shi da danna mai zurfi a hankali, cikin zama 10, kai da kafaɗa da ƙugu za su koma kan layi ɗaya. An kafa cibiyar koyar da wannan tsari a garin Bolda na Jihar Kolorado a 1971.

A Nijeriya, masu wannan aiki bisa ilmin likitanci su ne likitocin gashi da motsa jiki, waɗanda jama'a ke kira 'yan fisiyo. An fara aikin a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Legas. Jami'ar Ibadan ta soma ba da digiri a fannin a 1966. A 1988 Gwamnatin Tarayya ta yi Doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista tana kuma sa ido a kansu. A Arewa, Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ya daɗe da shahara a wannan fanni. Likitan fisiyo yakan auna yadda wuya ke juyawa, ya laluba tsoka, ya motsa gaɓoɓi a hankali, ya yi gashi, sa'an nan ya koya wa majinyaci motsin da zai riƙa yi a gida.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Game da ciwon kai mai tasowa daga wuya, shaida tana da ƙarfi. A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon wani gwaji da Gwendolen Jull da abokan aikinta suka yi a Ostireliya a kan mutum 200. Waɗanda aka yi wa gyaran gaɓoɓin wuya da hannu, da waɗanda aka koya wa motsin ƙarfafa tsokokin cikin wuya, duka ciwonsu ya ragu, sauƙin kuwa yana nan har bayan wata 12.

Game da ciwon ɗaurewar tsoka, gwaje-gwaje da dama sun nuna tausa da motsa gaɓoɓi suna rage yawan ciwon da ƙarfinsa, sai dai sauƙin tausa kaɗai ba ya daɗewa in mutum bai gyara zamansa ya riƙa motsa jiki ba.

Game da ciwon ɓarin kai, sai a yi hattara. Masu shi da yawa sukan ji wuyansu ya riƙe kafin ciwon ya sauka, amma sau da yawa riƙewar wuyan somin ciwon ne, ba ita ta kawo shi ba. Tausa tana iya kwantar da jiki ta gyara barci, ta haka ta rage yawan tashinsa ga waɗansu, amma ba ta tumɓuke shi. Motsa jiki a kai a kai yana da amfani: a wani gwaji da aka wallafa a 2011 daga ƙasar Suwidin, a kan mutum 91, motsa jiki na minti 40 sau uku a mako ya rage tashin ciwon kusan daidai da wani maganin rigakafi da likitoci ke bayarwa. Ban da haka akwai magungunan asibiti na musamman, irin su sumatiriftan da aka fara amfani da shi a 1991 domin tsai da ciwon, da furofaranolol da amitiriftilin domin rigakafi. Likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta su.

Game da tsarin Ida Rolf kuwa, gwamnatin Ostireliya ta sa an duba shi a 2015 tare da waɗansu hanyoyin jiyya 16, ba a kuwa sami tabbatacciyar shaidar cewa yana warkar da wata cuta ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka zai miƙe maka ƙashin baya cikin 'yan kwanaki ya raba ka da ciwon ɓarin kai har abada, in ka biya kuɗi masu yawa, ka riƙe aljihunka.

ABIN DA ZA KA YI DA KANKA

Idan alamun ciwonka sun yi daidai da na ɗaurewar tsoka, babu kuma ko ɗaya daga cikin alamun haɗari da za a ambata a gaba, ga abubuwan da za ka lizimta.

1. Jan haɓa. Ka zauna a miƙe, idonka yana duban gaba, ka ja haɓarka baya a hankali kamar mai ƙin wani wari, ba tare da ka sunkuya ba. Ka ƙirga 10, ka saki. Ka maimaita sau 10, safe da yamma.

2. Miƙa gefen wuya. Ka karkatar da kunnen dama zuwa kafaɗar dama har ka ji hagu ya ɗan ja, ka tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, ka juya ɗaya gefen. Kada ka fizga, kada ka danna da ƙarfi.

3. Haɗa allunan kafaɗa. Ka ja kafaɗunka baya da ƙasa, ka ƙirga 5, ka saki, sau 10.

4. Tausar ƙeya. Ka sa manyan yatsunka biyu a 'yan ramukan da ke gindin ƙoƙon kai, ka danna daidai yadda za ka iya jurewa, kana zagayawa a hankali na minti biyu. Wani na gida yana iya murza maka saman kafaɗa da man kaɗanya. Kada a danna gaban wuya inda jijiyar jini ke harbawa, kada kuma yaro ya taka wuya.

5. Gashi. A tsoma tawul a ruwa mai ɗumi, a matse, a ɗora a dokin wuya na minti 10 zuwa 15. A gwada ruwan da hannu tukuna don kada a ƙona fata.

6. Gyaran wurin aiki. Tela ya daidaita tsawon kujerarsa, ya kuma nemi haske isasshe. Akawu ya ɗaga allon kwamfuta ya zo saitin idonsa. Mai waya ya ɗago ta zuwa fuskarsa maimakon ya kai fuskarsa gare ta. Kowa ya tashi ya miƙe bayan kowane rabin awa.

7. Ɗaukar kaya. A yi gammo mai kauri, a daidaita kaya a tsakar ka, a nemi mai ɗorawa da mai saukewa. Gara sawu biyu da kaya ɗaya mai karya wuya. Inda akwai baro ko kura, a yi amfani da su. Kada a ɗora wa yara jarka cikakkiya, gama ƙashinsu bai gama ƙwari ba.

8. Barci da abinci. A yi matashin kai wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa, ba tudu ba, ba kwari. A sha ruwa sosai, musamman da bazara da kuma tsakanin buɗa-baki da sahur a watan azumi. Mai yawan cin goro ko shan shayi da kofi ya sani barinsu farat ɗaya yana sa ciwon kai, sai a rage sannu a hankali.

9. Riƙe lissafi. Ka sa alama a kalanda duk ranar da kanka ya yi ciwo, da ranar da ka sha ƙwaya, da abin da ka yi a ranar. Wannan takarda za ta taimaki likita ƙwarai da gaske.

In ka yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi kana bin waɗannan ba ka ga sauƙi ba, ka tafi asibiti.

LOKACIN DA BA A TSAYAWA TAUSA

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci. A garzaya asibiti nan take, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya, har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji. Wannan alamar sanƙarau ce, cutar da takan ɓarke da rani, wadda ta hallaka dubban mutane a Arewacin Nijeriya a 1996, ta kuma sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. Sanƙarau yana iya kisa cikin kwana ɗaya. Wanda ya zauna yana murza wuyan mai sanƙarau da man zafi yana cinye masa sauran lokacinsa ne. Akwai allurar rigakafi, a 2024 kuma Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga iri biyar na ƙwayar cutar.

Ciwon kai da zazzaɓi ko da wuya bai sandare ba. A yi gwajin jini, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot da zazzaɓin Lassa duk da ciwon kai suke somawa.

Ciwon kai mai tsanani wanda ya sauko farat ɗaya kamar saukar aradu, irin wanda mutum bai taɓa ji ba.

Ciwon kai tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko ruɗewa, ko suma, ko farfaɗiya, ko ganin abu biyu-biyu.

Ciwon kai ga mace mai ciki ko mai jego, musamman in akwai kumburin fuska da hannu ko dishi-dishin gani. Wannan yana iya zama gargaɗin jijjiga, mai kashe uwa da ɗa.

Ciwon kai bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko da an yi kwanaki. Wanda ya bugu a wuya kuwa kada a ja shi, kada a murɗa, kada a kai shi wurin ɗori.

Ciwon kai da jiri da ya kama mutanen ɗaki gaba ɗaya alhali janareta ko gawayi yana ci a kusa. Hayaƙi ne mai guba. A fita waje nan da nan.

Haka kuma sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, da ciwon da ke ƙaruwa mako bayan mako, da wanda ke zuwa da jan ido da raguwar gani, duk suna bukatar likita ba tare da jinkiri ba. Kowane baligi ya riƙa auna hawan jininsa, gama hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da ya nuna alama ba.

HAƊARI BIYU DA ZA A GUJE WA

Na ɗaya, murɗa wuya. Waɗansu masu tausa da masu aski sukan kama kan mutum su fizge shi har a ji ƙas, a ce jijiya ta koma. A cikin ƙasusuwan wuya akwai ramuka inda jijiyoyin jini biyu ke bi su kai jini bayan ƙwaƙwalwa. Fizga mai ƙarfi tana iya tsaga bangon jijiyar, jini ya daskare, mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki. Abin ba ya yawan faruwa, amma in ya faru ba ya da sauƙin gyara, ƙarar da aka ji kuwa ba alamar waraka ba ce. Haka nan ƙaho da tsaga da askar da aka yi wa wani aiki da ita suna yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Na biyu, yawan shan ƙwaya. Maganin ciwon kai kansa yana haifar da ciwon kai in an yawaita shi. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko ƙwayoyi masu haɗe-haɗe da irin su taramol da kodin kwana 10 ko fiye, har tsawon watanni, yakan wayi gari kullum da ciwon kai wanda ba ya lafawa sai ya sake sha. Taramol da kodin suna kama mutum, saboda ɓarnar da aka gani ne ma Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018. Asfirin da ibufurofen suna tayar da gyambon ciki, ba a kuma ba yara asfirin. Mace mai ganin walƙiya kafin ciwon ɓarin kai ta gaya wa ma'aikaciyar asibiti kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin akwai irin da bai dace da ita ba.

INA ZA A JE?

A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, inda za a auna zafin jiki da hawan jini, a yi gwajin zazzaɓi. In akwai bukata za a tura mutum gaba. Mutanen Bukan Sidi da kewaye suna da babban asibiti a cikin garin Lafiya, wanda aka daɗe da saninsa da sunan Asibitin Ƙwararru na Dalhatu Araf, akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi. A sauran jihohi a nemi sashen gashi na babban asibiti ko asibitin koyarwa. Kana da ikon ka tambayi duk mai son taɓa wuyanka ko yana da rajistar hukuma. Ka tafi da kalandarka da kwalayen magungunan da kake sha.

KAMMALAWA

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ciwon kai na ɗaurewar tsoka da mai tasowa daga wuya suna jin tausa mai laushi da motsa jiki da gyaran zama, waɗannan kuwa ba sa cin ko kwabo. Ciwon ɓarin kai yana bukatar likita, tausa mataimakiya ce kawai. Ciwon kai mai zazzaɓi, ko sandarewar wuya, ko mutuwar gaɓa, ko na mai ciki, wurinsa asibiti ne a wannan sa'a. Muna roƙon mai karatu ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa waɗanda ba su iya karatu ba, musamman sashen alamun haɗari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Kawo bambanci uku tsakanin ciwon kai na ɗaurewar tsoka da ciwon ɓarin kai.
2. Me ya sa gajiyar tsokar ƙeya takan fita a goshi?
3. Nawa ne nauyin jarka mai cin lita 25, sau nawa kuma ta ninka nauyin kai?
4. Faɗi alamu biyar da ke nuna a tafi asibiti nan take.
5. Kwana nawa a wata in mutum ya kai yana shan farasitamol maganin zai iya zame masa ciwo?